Zauren Iyaye: Ispaniyanci a Firamare, Minti Talatin ko Rabin Yini?



A wannan fitowa za mu duba batun koya wa yaran firamare harshen Ispaniyanci, wanda ƴan lakwal suka fi sani da Espanyol. Sanin kowa ne cewa a ƙasashenmu masu bin tsarin karatun Faransa, yaron makarantar gwamnati ba ya haɗuwa da wannan harshe kafin sakandare. A Kamaru da Kwaddibuwa da Senegal, alal misali, sai ɗalibi ya kai ajin katiriyam ake ba shi zaɓi tsakanin Ispaniyanci da Jamusanci ko wani harshe. To amma makarantu masu zaman kansu suna gasa da juna wajen yawan harsuna, har akan samu wadda za ta yi alkawarin fara Ispaniyanci tun yaro yana ɗan shekara shida ko bakwai, da ɗan ƙari a kan kuɗin shekara. Hujjar da ake kawo wa uba ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin maganar gaskiya ce, sai dai ba ta faɗi sau nawa za a riƙa tanƙwara iccen a mako ba, kuma a nan ne maganar take.

Harshen kansa ba abin rainawa ba ne. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi a bakinsu, wato Sinancin Mandarin kaɗai ya fi shi yawan masu harshen uwa. Shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, Meziko ce kan gaba a yawan jama'a, kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. A nahiyarmu akwai Gini Ikwatoriya, wadda ta karɓi ƴancin kai daga Ispaniya a 1968, kuma fataken da ke bin hanyar Kye-Ossi zuwa Ebebiyin da Bata sun san ranarsa a bakin iyaka da cikin kasuwa. Cibiyar Cervantes, mai yaɗa harshen a duniya, ta buɗe reshenta na farko a kudu da Sahara a birnin Dakar a 2021. Saboda haka ba mu da ja a kan amfaninsa. Abin tambaya shi ne wane irin koyarwa ne ke sa ƙaramin yaro ya iya shi, wane iri ne kuma ke cin kuɗi da lokaci a tashi hannu rabbana.

Inda aka fi daɗewa ana gwada wannan aiki a kan yara ƙanana shi ne Amurka. Bayan juyin juya halin Kyuba na 1959, dubban iyalai sun tsallaka zuwa birnin Miyami, cikinsu har da ƙwararrun malaman makaranta da suka rasa aikin yi. A 1963 hukumar ilimi ta yankin, da tallafin Gidauniyar Ford, ta ɗauki wata firamare mai suna Coral Way ta haɗa ƴaƴan Kyubawa da ƴaƴan Amurkawa masu jin Ingilishi kaɗai. Aka fara da aji ɗaya zuwa uku. Da safe kowane yaro yana ɗaukar darasi da harshen gidansu, da rana kuma a sake bi masa ta kan abin da ya koya da ɗaya harshen, sannan a gauraya su wajen wasa da zane da cin abinci. Abin lura a nan shi ne ba a ware Ispaniyanci a matsayin wani darasi na musamman ba. An mai da shi harshen da ake koyar da lissafi da sanin duniya da shi, yaro kuma yana da abokin wasa da ke magana da shi. Har yau makarantar tana koyarwa da harsuna biyu.

Bayan shekara takwas, a 1971, aka yi wani gwajin da ya fi wannan tsauri a garin Culver City na jihar Kaliforniya, bisa koyi da abin da wasu iyaye suka ƙirƙiro a Saint-Lambert kusa da Montreal a 1965 don koya wa ƴaƴansu Faransanci. Yara ne da ba su taɓa jin Ispaniyanci a gida ba, suka shiga ajin share fage suka tarar da malamar da ba ta yi musu magana da komai sai shi, tun daga gaisuwa har zuwa tashi. Fargabar iyaye a irin wannan tsari ɗaya ce a ko'ina: kada harshen gida ya raunana. Abin da aka yi ta gani shi ne yaran sukan ɗan yi baya a rubutun Ingilishi a shekarun farko, daga nan su cim ma tsararrakinsu da zarar an shigo da darasin Ingilishi. Shaida mafi ƙarfi ta fito daga birnin Portland, inda ake rabon guraben irin waɗannan azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, abin da ya ba masu bincike damar kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu da waɗanda ta tsallake, ba tare da an ce ai ƴaƴan masu hali ne aka zaɓa ba. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna yaran azuzuwan harshe biyu sun zarce sauran a karatun Ingilishi da kimanin wata bakwai a aji biyar, da kimanin wata tara a aji takwas, a lissafi da kimiyya kuwa ba su yi baya ba. Jihar Yuta ta mai da abin doka a 2008: malamai biyu ga kowane rukuni, rabin yini da Ingilishi, rabin yini da baƙon harshe, Ispaniyanci na cikin na farko da aka fara da su.

Wannan hanya ɗaya ke nan. Ta biyu, wadda ta fi yawa a duniya kuma ita ce mai sauƙin sayar wa iyaye, ita ce ta darasi guda ko biyu a mako. Ingila ta jarraba ta da Faransanci daga 1964, aka fara wa dubban yara tun suna ƴan shekara takwas maimakon sha ɗaya. Rahoton da Clare Burstall ta jagoranta a 1974 ya tarar cewa da suka kai shekara 16, ratar da suka ba waɗanda suka fara a makare ta kusan ɓacewa, in ban da ɗan fifiko wajen fahimtar magana. A Barselona kuma, Carmen Muñoz da abokan aikinta sun bi sawun yaran da suka fara Ingilishi a shekara takwas da waɗanda suka fara a sha ɗaya, suka auna su bayan awa 200 da awa 416 da awa 726 na darasi. A littafin da suka fitar a 2006, manyan ne suka fi saurin kamawa idan aka ba kowa awoyi daidai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan shekara sha ɗaya ya iya karatu, ya san abin da ake nufi da suna da aikatau, yana iya riƙe ƙa'ida ya yi aiki da ita. Ƙaramin yaro kuwa tsotsar harshe yake yi kamar yadda ya tsotsi na uwarsa, tsotso kuma yana bukatar a yi ta jin abu safe da yamma.

Mu ɗan yi lissafi. Tun 2014 doka ta wajabta koyar da baƙon harshe a firamaren Ingila daga shekara bakwai, Ispaniyanci ne na biyu bayan Faransanci, kuma yawancin makarantu ba sa wuce minti talatin zuwa arba'in da biyar a mako. Minti talatin sau mako 38 ya ba da awa 19 a shekara, wato awa 76 a shekara huɗu. Yaron da ke yin rabin yini, mu ce awa biyu da rabi sau kwana 180, yana samun awa 450 a shekara guda. Makarantar da ke horar da jami'an jakadancin Amurka ta taɓa ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na aji kafin babban mutum mai jin Ingilishi ya iya aiki da Ispaniyanci. Idan haka ne, uban da aka ce masa ɗansa zai iya Espanyol da darasi guda a mako, ya san cewa ɗanɗano aka sayar masa. Ɗanɗanon ba laifi ba ne. Yana buɗe kunne, yana sa yaro ya daina jin tsoron baƙon lafazi, yana iya dasa masa sha'awa. Amma a kira shi da sunansa, a kuma yi masa farashin da ya dace da shi.

Akwai kuma abin da ya bambanta yaronmu da na Miyami ko na Yuta. Ɗan Ba'amurken da aka tsoma cikin Ispaniyanci, da ya fito daga aji Ingilishi ne ke jiran sa a titi da talabijin da kanti, harshe na biyu ke nan yake ɗauka. Namu kuwa ya shiga ajin farko da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, a mafi yawan makarantu ya tarar da Faransanci daga safe har tashi, da yamma ga allo ko Islamiyya da baƙaƙen Larabci. Wato shi tuni yana cikin tsomawar, kuma ta yini guda ce, ba ta rabi ba. Binciken PASEC na 2019 a ƙasashe 14 na Afirka ya nuna fiye da rabin yaran da ke kammala firamare ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. A ganinmu, yaron da ya kai aji uku ko huɗu yana cije-cije wajen karanta shafi guda, taura ta huɗu za a cusa masa alhali bai gama tauna ta biyu ba. Kuɗin da za a biya na Ispaniyanci gara a saya masa littattafan labari da su, a kuma samu mai zama da shi yana karantawa da babbar murya. Haruffan ma za su iya rikita shi, domin baƙi ɗaya ne ake karantawa iri uku: j ta Hausa daban, ta Faransanci daban, ta Ispaniyanci kuma daban. Haka ch, wadda Bafaranshe ke karantawa kamar sh, Ba'ispaniye kuma kamar c ɗinmu.

Amma fa yaron da karatunsa ya zauna, musamman wanda ya iya karanta Hausar boko, yana da garaɓasa a wannan harshe da ɗan Ingila ko ɗan Faransa ba su da ita, kuma ya kamata duk malamin da zai koyar da shi a wajenmu ya san da ita. Wasulan Ispaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan yadda muke furta su haka suke furtawa. Galibi abin da aka rubuta shi ake karantawa, ko da yake h ba a furta ta, babu tarin baƙaƙen ƙarshen kalma da ake haɗiyewa kamar na Faransanci. Yaran Ispaniya da Meziko da gaɓa-gaɓa ake koya musu karatu, irin ba, be, bi, bo, bu ɗin da muka sani. Kalmar pero, wato amma, da perro, wato kare, sun bambanta ne da karkaɗa harshe wajen r, abin da ke ba Turawan Ingila da Faransa wahala shekara da shekaru, alhali yaron da ke cewa biyar ko har ya riga ya saba da karkaɗawar. Ita kuwa j ɗinsu, kamar a cikin jabón, sabulu, daga maƙogwaro take fitowa tamkar harafin خ, wanda ɗan makarantar allo ya sha maimaitawa.

Jinsin kalmomi ma ya zo mana da sauƙi. A Hausa yawancin sunayen da suka ƙare da a mata ne, riga, gona, hula, kuma haka abin yake a can: casa, gida, da mesa, tebur, da escuela, makaranta, duk mata ne. Kamar yadda muke da ƴan tawaye irin su gida da ruwa da nama da suka ƙare da a amma maza ne, su ma suna da día, yini, da mapa, taswira. Malamin da ya nuna wa yara wannan kamanci ya gajarta wa kansa aikin makonni. Inda za a sha fama shi ne bambance p da f, domin harshenmu bai raba su ba, a wasu yankunanmu ma f ɗin kan koma h. Sai an yi ta wasa da kalmomi irin su puente, gada, da fuente, maɓuɓɓugar ruwa, har kunne ya rarrabe kafin baki ya bi.

Wani abin da ke faranta wa yara rai shi ne su tsinci kalmar gidansu a cikin baƙon harshe. Larabci ya zauna a Andalus daga 711 zuwa 1492, ya bar wa Ispaniyanci dubban kalmomi, Hausa kuma ta sha daga wannan rijiya. Magajin gari a wajensu alcalde ne, daga kalmar da ta ba mu alƙali. Hasta ita ce hatta ɗinmu, azúcar sukari ne, aceituna kuma ɗan zaitun. Almacén, ɗakin ajiyar kaya, asalinta ɗaya da magasin ta Faransanci, wadda muka mayar mangaza. Ta ɓangaren Faransanci kuwa dangantakar ta fi kusa, tunda duka biyun daga Latin suka fito: livre da libro, main da mano, pain da pan. Wannan ma wata hujja ce ta rashin gaggawa, domin duk kalmar Faransancin da yaro ya riƙe da kyau jari ce da zai ci ribarta ranar da ya fara Ispaniyanci. Sai dai a yi hattara da masu kama da juna a fuska kawai: salir a Faransanci ɓata abu da dauɗa ne, a Ispaniyanci kuwa fita waje.

To idan makaranta ta ba da lokaci isasshe, ko da minti ashirin ne zuwa talatin amma kullum, yaya ajin kirki yake? Ba a fara shi da alli da jadawalin sarrafa aikatau. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko malamin sakandare ya zo ya rage tsawon darasinsa na katiriyam ya zuba wa ƴan shekara bakwai. Tun a shekarun 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam a Kaliforniya, James Asher, ya tsara hanyar da ke bin yadda jariri ke koyon magana: a ba da umarni, jiki ya amsa. Malama ta ce levántate ta miƙe, yara su miƙe, ta ce siéntate su zauna, ta ce abre la puerta wani ya je ya buɗe ƙofa. Makonni za su wuce yaro bai furta komai ba amma yana fahimta, kuma wannan shirun ba gazawa ba ne, kada uwa ta tsorata. Wajen 1990 wani malamin Ispaniyanci mai suna Blaine Ray ya ɗora labari a kan wannan hanya: gajeren labari mai ban dariya da aka gina da ƴan kalmomin da aka fi amfani da su, yana da, yana so, ya tafi, ana maimaita su sau da yawa ta hanyar tambayoyi har su zauna. Mu da muka gaji tatsuniya ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan ƙarfin wannan dabara. Gizo da Ƙoƙi ma za su iya yin Espanyol in malami ya so.

Akasin wannan shi ne ajin da ake shekara ana haddace sunayen launuka da kwanakin mako da ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin, a shekara ta biyu a sake komawa kansu. Ranar bikin rufe makaranta yara su jeru su rera, iyaye su tafa, amma ba wanda zai iya cewa yana jin ƙishirwa. Gwajin da uba zai iya yi ko da shi kansa bai ji harshen ba mai sauƙi ne: ya roƙi malami ya ba yaron wani ɗan labari da bai taɓa ji ba, na jimla biyar ko shida, sannan yaron ya maido masa da shi da Hausa. In ya kawo gundarin labarin, ana aiki.

Duk wannan ya rataya ne a wuyan malami. Ƙaramin yaro lafazin malaminsa yake kwafa, daidai da kuskurensa, saboda haka wanda ya riga yara da shafi ɗaya kawai a littafi ba zai wadatar ba. Amurka da duk yawan masu jin harshen a cikinta sai da ta riƙa ɗauko malamai daga Ispaniya a ƙarƙashin wani shirin malamai baƙi da aka fara a 1986. Ya dace uba ya tambayi darakta a ina malamin ya koyi harshen, ko ya taɓa koyar da ƙananan yara, da kuma abin da zai faru da ajin idan ya samu wani aiki ya tafi a tsakiyar shekara.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta ci gaba. Ɗaya daga cikin matsalolin da Ingila ta daɗe tana kuka da su ita ce yara su yi shekaru suna koyon harshe a firamare, su shiga sakandare a haɗa su da waɗanda ba su taɓa yi ba, a koma da kowa farko. A tsarinmu giɓin ya fi faɗi. Yaron da ya ajiye Ispaniyanci a CM2 zai yi siziyam da sankiyam, shekara biyu cur, ba tare da ya ji shi ba, sannan a katiriyam a fara masa daga gaisuwa tare da kowa. Idan makarantar ba ta da sashen kwaleji da zai riƙe harshen a waɗannan shekaru biyu, ko wani shiri na ranar Asabar da zai cike gurbin, to a sa wannan ma cikin lissafi tun kafin a biya kuɗin shekarar farko.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.